Tabon da fuka da hayaƙi ke bari cikin ƙirji

 

Hunturu ya shigo, ga hazo, ga ƙura. Da dare in gari ya yi tsit, sai ka ji tari daga wannan gida, ka ji tari daga wancan. Wani tarin na mura ne, kwana bakwai ya wuce. Wani kuwa ya shekara biyar, ya shekara goma, har mutanen gida sun saba da shi, sun bar kula. A kan wannan tsohon tari za mu yi magana yau.

Akwai magana guda da nake so kowa ya koma gida da ita. Ciwon ƙirji in ya daɗe yana canza naman hanyoyin numfashi su kansu. Suna yin kauri, suna yin tabo, suna tsukewa. Abin da ya riga ya zama tabo kuwa ba ya komawa yadda yake. Saboda haka lokacin neman magani shi ne tun ciwon yana sabo.

Mu duba huhun rago

Kowa nan ya taɓa ganin an yanka rago. Kun ga maƙogwaro, mai zobe-zobe na guringuntsi. Kun ga huhu biyu, masu laushi kamar soso. Namu ma haka suke.

Maƙogwaron babban mutum ya kai santimeta 10 zuwa 12. Cikin ƙirji sai ya rabu biyu, reshe guda dama, reshe guda hagu. Kowane reshe ya sake rabuwa biyu, waɗannan ma su rabu, har wajen sau 23. Ku ɗauka icce ne aka kifa, gindi sama, rassa ƙasa. Duk rassan nan tiyo ne, iska ke bi ta cikinsu. Na ƙarshe ba su kai kaurin tsinken tsintsiya ba.

A bakin ƙananan rassan akwai ƴan jakunkunan iska, miliyan 300 ko fiye. A nan iska mai amfani ke shiga jini, marar amfani ta fito. Jakunkunan suna da ɗanko kamar sabuwar roba. In ka ja numfashi su buɗe, in ka saki su koma da kansu. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 cikin minti guda. Kwana guda, wajen sau 20.000 ke nan.

To, bangon tiyon nan da me aka yi shi? Abu uku za mu riƙe.

Na ɗaya, wata fata mai taushi ta ciki. Tana da gashi ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Aikinsu shara. Dare da rana suna kaɗawa, suna turo datti sama zuwa maƙoshi.

Na biyu, wuraren da ke yin majina. Majina kaɗan abu ne mai kyau. Ita ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta, gashin nan su share ta.

Na uku, wani siririn nama da ya kewaye tiyon kamar ɗamara. In ya ɗaure, hanya ta tsuke. In ya saki, hanya ta buɗe.

Abin da ke faruwa in fuka ta tashi

Mai fuka, wadda wasu ke kira asma, hanyoyin numfashinsa masu saurin fushi ne. Abin da wani zai shaƙa ya wuce lafiya, shi sai ya tayar masa da ciwo: ƙura, hayaƙi, ƙaiƙayin hatsi wajen sussuka, sanyin asuba, turare, mura, gashin dabbobi, ƙurar tsohuwar katifa.

Nan take abu uku su faru. Ɗamarar nan ta ɗaure. Fatar ciki ta kumbura. Majina mai kauri ta cika hanya. Sai ka ji ƙirji yana kuka kamar ɗan kyanwa, mutum yana neman iska bai samu ba.

Kada ku raina ƴar tsukewa. Masu lissafi sun nuna cewa in faɗin tiyo ya ragu da rabi, wahalar wucewar iska tana ninkuwa wajen sau 16. Shi ya sa ɗan kumburi kaɗan yake kayar da ƙato.

Bayan awa kaɗan ko kwana kaɗan sai abin ya lafa. Mutum ya tashi, ya ɗauki haukarsa ta noma, ya ce ya warke. A nan kuskuren yake. Ɗamara ce ta saki. Kumburin ciki yana nan, kamar garwashi ƙarƙashin toka.

Yadda tabo ke samuwa

Ku dubi tafin hannun manomi. Ran da yaro ya fara riƙon ƙota, hannunsa ya yi ja, ya yi ƙuna. Damana biyu, damana uku, sai wurin ya yi kanta. Jiki ne ya kare kansa, ya ƙara kauri. Kanta a hannu tana da amfani. Cikin tiyon numfashi kuwa ɓarna ce, don duk kaurin da bango ya ƙara, hanyar iska ce ta ragu.

Likitoci sun ɗebi ɗan nama daga hanyoyin numfashin masu fuka, sun duba da madubi mai ƙara girman abu. Ga abin da suka gani:

Fatar ciki ta ɗaye a wurare da yawa.

Ƙarƙashinta wani nama mai tauri ya taru, irin naman tabon ƙuna.

Ɗamarar ta yi kauri, kamar damtsen maƙeri. Yanzu in ta ɗaure, ta fi da matsewa.

Wuraren yin majina sun ƙaru, sun girma.

Ƙananan jijiyoyin jini sun yawaita cikin bangon, suna ƙara masa kumburi.

Wannan canji yana iya farawa tun mutum yana yaro. Ba kowane mai fuka ne abin ke kai wa nesa ba. Amma wanda ya daɗe da ciwo mai tsanani ba magani, ko yana shan taba bisa fukarsa, wata rana zai ga ko ciwon bai tashi ba numfashinsa bai cika ba. Hanya ta ƙi buɗewa duka, ko an ba shi magani.

Ciwon hayaƙi

Akwai ciwo na biyu. Likitocinmu suna kiran shi BPCO, wato daɗaɗɗiyar toshewar hanyoyin numfashi. Mu kira shi ciwon hayaƙi, don hayaƙi ne babban mai kawo shi. Yawanci sai mutum ya wuce shekara 40 yake bayyana.

Shi ba ya zuwa ya tafi kamar fuka. A hankali yake ci, shekara da shekaru. Ku shiga madafa ku ɗaga kai. Kun ga kunkunniya baƙa ƙirin a jikin azara. Wadda ta yi girkin da ya baƙanta azarar nan, ita ma hayaƙin ta shaƙa.

Da farko hayaƙi yana kashe gashin shara. Majina ta ƙaru, ba mai share ta. Sai mutum ya tashi kowace safiya da tari da kaki. Majinar da ta kwanta kuma gidan ƙwayoyin cuta ce. Shi ya sa mura kaɗan sai ta sauka ƙirji.

Daga nan ƙananan rassa su kumbura, su yi tabo, su tsuke. Wasu su toshe, su ɓace sam. Tun shekarar 1968 masu bincike a ƙasar Kanada suka nuna cewa a ƙananan rassan nan, waɗanda faɗinsu bai kai milimeta 2 ba, toshewar take. Da yake suna da yawa ƙwarai, da yawa za su lalace mutum bai ji kome ba. Icce mai rassa dubu, in ɗari sun bushe, inuwarsa ba ta ragu ba tukuna.

Daga ƙarshe jakunkunan iska su yage, su haɗe, su zama manyan ramu marasa amfani. Ɗankonsu ya mutu kamar tsohuwar robar wando. Iska ta shiga, ta kasa fita. Ƙirji ya buɗe kamar tunku. Mutum ya rame. Da yana zuwa gona ba tsayawa, yanzu sai ya huta a hanya. Gaba kaɗan, jan guga ya gagara. Gaba kaɗan, ko sa riga sai da haki. In abin ya yi nisa zuciya ma ta gaji, ƙafafu su kumbura.

Mutane su ce tsufa ne. Ku duba da kyau. Ga tsararsa yana noma, shi kuwa bai iya kai bakin rijiya. Ba shekaru ba ne, huhu ne ya lalace.

Ba mu kaɗai ba ne

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ke da fuka cikin duniya, kuma ta kashe mutum 455.000 a shekarar. Ciwon hayaƙi kuwa ya kashe mutum miliyan 3 da rabi a shekarar 2021. A ƙasashen masu arziki taba ce ke kawo mafi yawan ciwon. A ƙasashe irin namu taba tana da nata rabo, hayaƙin girki ma yana da nasa. Shi ya sa za ka ga tsohuwar da ba ta taɓa sa sigari a baki ba, amma ƙirjinta kamar na wanda ya shekara talatin yana sha.

Ku tuna da goyon da ke bayanta. Huhun mutum yana girma har ya kai shekara 20 zuwa 25. Yaron da ya tashi cikin hayaƙi, ko ya sha ciwon haƙarƙari yana ƙarami, huhunsa yana iya kasa kai girman da ya kamata. Ya shiga girma da ƙaramin rumbu, ga shi kowa rumbunsa raguwa yake da shekaru.

Fuka daban, tarin fuka daban

Sunan ya yi kama, mutane suna rikicewa. Tarin fuka, wanda ake kira tibi, ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Ana ɗaukar shi ta iska. Yana zuwa da zazzaɓin yamma, da zufar dare, da rama, wani lokaci da kakin jini. Ana warkewa in an sha magani wata 6 ba fashi, kuma maganin kyauta ne a gidan likita. Amma shi ma in an yi jinkiri yana barin tabo cikin huhu, ko bayan ƙwayar ta mutu. Duk wanda ya yi sati biyu yana tari, ya je a auna kakinsa.

Fuka da ciwon hayaƙi ba a ɗaukarsu. Ku ci tare da mai fuka, ku sha hura ƙwarya guda, ba abin da zai same ku. Kada a ware shi. Kada a hana yarinya aure don tana da fuka. Fuka takan bi dangi, gaskiya ne, amma mai fukar da ke shan magani daidai yana noma, yana haihuwa, yana tsufa kamar kowa.

Magani iri biyu ne

Mafi kyawun maganin ciwon nan na shaƙa ne, cikin ƴar kwalbar feshi. Yana tafiya kai tsaye inda ciwon yake, ɗan kaɗan ya isa.

Na farko mai buɗe hanya ne. Sunansa salbutamol, wasu sun san shi da Ventoline, kwalbarsa yawanci shuɗiya ce. Cikin minti kaɗan yana sa ɗamara ta saki. Amma ba ya taɓa kumburin ciki. Kamar ka kore hayaƙi ne ka bar wutar tana ci.

Na biyu mai kashe kumburi ne, irin su beklometazon da budesonid. Shi ba a jin aikinsa nan take. Sai an yi kwanaki, har sati biyu ko fiye. Ana shaƙarsa yadda likita ya ce, ran da ake ciwo da ran da ake lafiya. Shi ke rage tashin ciwo, shi ke rage mutuwa. Tabon da ya riga ya zauna, ba ya goge shi. Amma yana kashe garwashin da ke jawo sabuwar ɓarna. Tun shekarar 2019 manyan likitocin fuka na duniya suka ce kada babba ko matashi ya dogara da shuɗiyar kwalba ita kaɗai.

Na san wani zai ce: “In ka fara abin shaƙa, ka saba, ba ka iya bari.” Ba haka ba ne. Maganin ba ya kama mutum kamar taba. Ciwon ne mai daɗewa, shi ya sa maganin yake daɗewa. In ka ga kana bukatar shuɗiyar kwalba fiye da sau biyu cikin sati, ko ciwo yana tashe ka da dare, koma wurin likita. Alama ce wutar ciki ba ta mutu ba.

Ga wata dabara mai araha. Mutane da yawa suna fesa magani ya tsaya a baki, bai kai ƙirji ba. A sami gorar roba ta ruwan sha mai rabin lita, a wanke ta. A huda gindinta daidai bakin kwalbar magani, a cusa ya zauna daram. A girgiza kwalbar. Majinyaci ya sa bakin gorar a bakinsa, a fesa sau guda, ya ja numfashi a hankali sau biyar ko shida. Likitocin yara a Afirka ta Kudu sun gwada wannan, suka ga tana aiki kamar wadda ake saye a farmasi. Ku sa likita ko anfirmiye ya nuna muku da hannunsa. Bayan shaƙar mai kashe kumburi, a kurkure baki da ruwa a zubar.

Ku yi hankali da ƙwayoyin ƴan tebur. Akwai wadda ake kira dekisa, mai sa kumatu su cika. Tana kwantar da fuka, gaskiya ne, shi ya sa mutane ke son ta. Amma wanda ya riƙa shan ta wata da watanni ba da sanin likita ba, tana jawo masa ciwon sukari, da hawan jini, da raunin ƙashi. Wanda ya daɗe yana sha kuma kada ya bari dare ɗaya, ya je likita ya rage masa a hankali. Aspirin ma tana tayar wa wasu masu fuka da ciwo. Haka nan cire beli da tsaga a ƙirji ba su kai inda ciwon yake. Turara wa mai haki hayaƙin magani kuwa ƙara masa wuta ne.

Abin da za mu iya yi da hannunmu

1. A bar taba, ko sigari ko tukunya ko shisha. Wani zai ce ya riga ya makara. A shekarar 1977 masana biyu na Ingila, Fletcher da Peto, suka bayyana abin da suka gani bayan sun bi ma'aikata maza kusan 800 har shekara 8. Wanda ya bar taba, abin da ya rasa bai dawo ba, amma saurin lalacewar ya ragu. Ko yau ka bari, ka ceci abin da ya saura. Mai sha kuma kada ya sha cikin ɗaki kusa da iyalinsa.

2. A yi girki a fili ko ƙarƙashin rumfa. In cikin madafa ne, a buɗe taga biyu, guda sama kusa da rufi, don hayaƙi ya sami mafita.

3. A yi amfani da busasshen icce. Ɗanye da kara mai laima da kashin shanu sun fi hayaƙi. Kada a hura wuta da leda ko tsohon takalmi.

4. Murhun zamani, irin Mai Sauƙi na ƙarfe ko Albarka na laka, yana rage cin icce, yana rage hayaƙi, ko da yake bai kawar da shi duka ba. Wanda ke da hali, gaz ya fi duka tsabta. Maigida, wannan magana taka ce. Kuɗin murhu bai kai kuɗin jinya ba.

5. A sauke goyo kafin a hura wuta. A ba wata ta riƙe shi can inda iska ba ta kai hayaƙi.

6. Lokacin ɗari kada a kwana da wuta cikin rufaffen ɗaki. Ban da ɓata huhu, garwashi yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari.

7. A yayyafa ruwa kafin shara. Mai fuka ya nisanci wurin sussuka da sheƙa. In dole ne, ya tsaya ta inda iska ke fitowa, ya rufe hanci da baki. Ran da hazo ya yi yawa ya rage fita.

8. A kai yara allurar rigakafi duka. Ƙyanda da tarin shiƙa da ciwon haƙarƙari suna iya barin ɓarna cikin huhun yaro har girmansa.

9. Mai ciwon hayaƙi kada ya kwanta ya ce ya gama. Ya riƙa tafiya kaɗan kullum, yana ƙarawa. In haki ya taso, ya ja iska ta hanci, ya fitar a hankali ta baki kamar mai hura kunu. Ya ci abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa.

Yaushe za a je likita?

In tari ya wuce sati biyu. In ƙirji yana kuka. In kana kaki kowace safiya. In haki yana kama ka a aikin da bara kake yi ba wahala. A fara da gidan likita mafi kusa. A manyan asibitoci akwai na'urar da ake hurawa da ƙarfi, ta auna yadda hanyoyin suka tsuke. Ita ke taimakon likita ya rarrabe fuka da ciwon hayaƙi.

Akwai kuma alamun da ba a jiran gari ya waye. Mutum ya kasa ƙarasa magana don haki. Leɓe ko harshe ya canza, ya yi duhu. Tsakanin haƙarƙarin yaro yana lotsawa in ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono. Majinyaci ya fara gyangyaɗi ko ruɗewa. An shaƙi magani bai yi sauƙi ba. In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, a zaunar da shi, kada a kwantar. A ci gaba da ba shi shuɗiyar kwalba, a nemi amalanke ko babur ko mota, a tafi nan take.

Jama'a, Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hanyar numfashi ma tun ba ta yi tabo ba ake gyara ta. Yau in kun koma gida, ku saurara. Wa ke tari da dare? Tun yaushe? Ko tsohuwa ce, ko matar gida, ko yaro, gobe a kama hannunsa a kai shi a duba. Ku kuma ɗaga kai ku dubi azarar madafa, ku shawarta inda za a maida murhu.

Wanda ke da tambaya ya yi.  Allah ya ba mu lafiya.